Kafin Ka Sauya Antibairos ɗin Kwamfutarka

Idan lokacin miƙa furojet ya gabato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, shagunan buga takardu na Sakkwato cika suke yi maƙil, kowa da filash ɗinsa a hannu. Kwamfuta guda ce za a soka wa na wannan a zare, a soka na wancan, tun hantsi har magariba. Ɗalibi ya koma gida Mabera ko Arkilla, ya soka nasa a laftof, sai ya ga foldojinsa sun rikiɗe, kowacce da 'yar kibiya a gindinta. Wannan shi ne bairos ɗin da masu gyara ke kira mai shotkot.

Aikinsa ba wani siddabaru ba ne. Ɓoye foldojin gaskiya yake yi, ya ƙirƙiro na bogi masu suna iri ɗaya. Ka danna na bogin, zai buɗe maka takardunka kamar ba abin da ya faru, alhali a lokacin ne ya dasa kansa cikin kwamfutar, kuma duk filash da ya shigo bayan nan ya kamu. Takardun dai suna nan a ɓoye. Wanda ya yi garajen yi wa filash ɗin fomatin, shi ya hallaka aikinsa da hannunsa.

Wanda ya taɓa shan wannan wahala yakan ce ba za a sake ba, sai ya shiga tara magunguna. Za ka buɗe laftof ka tarar da Avast, ga Smadav, ga kuma ragowar McAfee da wa'adinsa ya ƙare tun kwamfutar tana hannun mai ita na farko a Turai. To, kowane cikakken antibairos yana kafa kansa ne a can cikin Windows, yana tare duk fayil da za a buɗe ya bincike shi. Idan suka zama biyu, fayil ɗaya suke kokawa a kai, wani lokaci ma ɗaya ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo. Kwamfuta ta yi nauyi, fanka ta yi ta gurnani, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan. Smadav, wanda ake yi a Indunusiya, shi kaɗai za a ɗaga wa ƙafa, domin masu shi da kansu sun ce mataimaki ne, kuma ƙarfinsa a kan filash yake. Sai dai mataimaki ba ya riƙe gida shi kaɗai.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, kowace Windows da antibairos ɗinta take zuwa, wato Defender. Da can an raina shi, amma a 'yan shekarun nan yana samun maki mai kyau a gwajin da cibiyar AV-TEST ta Jamus ke yi. A ganina, magidancin da aikinsa bai wuce rubutu da karatun yara da shiga intanet ba, wannan ya ishe shi, kuma ba sisinsa.

Matsalar ita ce sau da yawa a kashe yake. Mutum zai sayi laftof ta hannu, a ce za a zuba masa Windows da Office kyauta. Manhajar da ake fasa lasisin da ita kuwa Defender kama ta yake yi, don haka sai mai zubawa ya fara kashe shi, ko ya umarce shi ya kau da kai daga wata folda, kuma ba kowa ke mayar da shi yadda yake ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ta cikin irin waɗannan manhajojin sata ne bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ya yi ta yaɗuwa a duniya: ya kulle hotuna da takardu, ya bar wasiƙar neman dala 980, ko rabin haka ga wanda ya biya cikin kwana 3. Saboda haka kafin ka sayi komai, buɗe Windows Security ka duba ko alamominsa kore ne.

Sai batun data. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara tsuke hannu, kuma sabunta manhaja na cikin abin da ake fara yankewa. Antibairos kuwa da jerin sunayen miyagu yake aiki, kullum ana ƙara sababbi. Wanda ya shekara bai sabunta ba, ɓarayin bara kawai ya sani, ko da nawa aka saye shi. Sabuntawar yau da kullum ba ta kai abin da mutum ke ƙonawa a TikTok a zama ɗaya ba.

Mai son na kuɗi, don sa ido kan yara ko don ya haɗa na'urorin gidansa a lasisi ɗaya, akwai Bitdefender da ESET da Norton da Kaspersky. Amurka ta hana sayar da Kaspersky a 2024 saboda kamfanin na Rasha ne. Dokar ba ta shafi Najeriya ba, kowa ya auna da kansa. Na kyauta kuma a san da me ake biyansu. A 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga. Wanda ya yi fushi ya bar Avast ya koma AVG ko Avira, bai bar gidan ba: dukansu, har da Norton, na kamfanin Gen Digital ne.

Sauyawar kanta tana da tsari. Ka kwafe muhimman takardunka zuwa wani wuri. Ka sauko da sabon daga shafin kamfaninsa, ba daga filash ɗin aboki ba. Ka cire tsohon ta inda ake cire manhajoji, ka kashe kwamfutar ka kunna. Goge hotonsa daga fuskar kwamfuta ba cirewa ba ne. Idan ya bar saiwa, kamfanonin suna da 'yan manhajojin tumɓukewa, kamar MCPR na McAfee da kavremover na Kaspersky. A tsakanin nan Defender yakan farka da kansa ya riƙe wurin. Daga nan ka sa sabon, ka sabunta shi, ka bar shi ya bincike komai. Idan da katin banki ka biya tsohon, ka tsayar da cirar kuɗi ta shekara-shekara, don cire manhaja ba ya tsayar da ita.

Katangar tsaro, wato fayawol, aikinta daban. Kamar zauren gida take: duk wanda ya zo ta hanyar sadarwa, a nan zai tsaya sai an yi masa izini. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya ratsa ƙasashe kusan 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ba tare da wani ya danna komai ba. Wata ƙofar raba fayiloli ya samu a buɗe a kwamfutocin da ba a sabunta ba. Katangar da ke cikin Windows ta isa, muddin ba a kashe ta ba, kuma galibi saboda firinta ta ƙi haɗuwa ake kashe ta. Gara a buɗe wa firintar hanya ita kaɗai. Idan ka hau wayifai na makaranta ko otal, ka gaya wa Windows cewa layin na jama'a ne, za ta ƙara tsaurarawa. Amma katanga ba ta ganin abin da ka soka da hannunka.

Akwai ramin da duka biyun ba sa cikewa. Microsoft ta daina gyara Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a 14 ga Oktoba, 2025. Har yanzu akwai gidaje da shaguna da ke kan Windows 7. Irin wannan kwamfuta, idan ba za ta ɗauki sabuwar Windows ba, a bar ta ga buga takardu, a raba ta da intanet, harkar banki kuma a yi ta a wata na'urar.