Lokacin Da Layin Dogo Iri Biyu Suka Haɗu A Tashar Zariya

Kwanakin baya hanya ta bi da ni ta Sabon Garin Zariya, sai na tsaya gefen tashar jirgin ƙasa ina kallon tsofaffin taragai, ciyawa ta tsiro tsakanin ƙarafuna, awaki na kiwo abinsu. Wani ɗalibina da muke tare ya tambaye ni ko an taɓa yin wani abin kirki a wurin. Ban ga laifinsa ba, domin bai tarar da zamanin da wannan tasha ta kasance mahaɗar layuka uku ba.

Aikin layin Baro zuwa Kano ya fara ne a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, kuma a 1911 ƙarfen ya ratsa Zariya ya isa Kano. Layin na gwamnatin Arewa ne. Amma da na Legas ya biyo ta Jebba da Zungeru ya riske shi a Minna, sai ya zamana daga Minna zuwa Kano kayan Legas da kayan Baro duk kan ƙarfe ɗaya suke bi. Hukuma biyu a kan hanya ɗaya ba ta yiwuwa, don haka a 1912 aka haɗe su, shekara biyu kafin Lugard ya haɗe ƙasar kanta. Wannan haɗi bai yi wuya ba, tunda faɗin layukan ɗaya ne, ƙafa 3 da inci 6.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau dutse zuwa Jos, ya isa Bukuru a 1914. Saboda kuza aka gina shi, domin kafin nan a ka ake ɗaukar ta zuwa Loko a bakin Binuwai. Turawa sun laƙaba masa sunan Bauchi, alhali bai taɓa taka garin Bauchi ba. Sunan lardi ne ya bi shi, garin kuwa sai a 1961 jirgi ya isa can, ta wata hanyar daban. Don rage kuɗi aka yi faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal.

Mai karatu ya dubi abin da wannan tazara ta ƙafa ɗaya ta jawo. Jirgin Jos da na Kano suna shiga tasha ɗaya, amma taragon wannan ba ya hawa ƙarfen wancan. Duk buhun kuza da ya sauko daga dutse sai lebura ya sauke shi ya sake lodawa a babban tarago. Duk injin haƙa da ya zo daga Legas sai an yi masa haka kafin ya hau. Ga ɓata lokaci, ga ɓarna, ga kuɗin dako sau biyu. Gaskiya ne Zariya ta ci moriyar wannan wahala, domin ta samar wa leburori da 'yan dako abin yi, Sabon Gari ta cika da baƙi, ga masana'antar gurzar auduga, daga baya ga ta taba. A irin wannan cuɗanya ne kalmomi kamar tasha da tarago da lebura da reluwe suka zauna daram a bakin Bahaushe. Shi kuwa ƙarfen, bai ari sunansa ba, ya dube shi ya ce dogo.

Sai dai arzikin da ya dogara ga cikas ba ya daɗewa. A 1927 babban layi ya iso Jos daga Kafanchan, kuza ta riƙa sauka Fatakwal ba tare da an taɓa buhu a hanya ba, kwal ɗin Inugu kuma ya riƙa hawa. Ƙaramin layin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Wanda ya tsira shi ne reshen Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda na 1929, mai faɗi ɗaya da uwarsa.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne yau ma faɗi biyu gare mu. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, haka ma na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda aka tsara zai bi ta Zariya. Ba na jayayya cewa sabon ya fi gudu da ɗaukar nauyi. Tambayata ga masu tsara sufuri ita ce, mene ne makomar Funtuwa da Gusau da Ƙaura Namoda, waɗanda ba su da wani ƙarfe sai tsohon? Ko dai a sauya reshen nasu, ko a shimfiɗa ƙarfe na uku inda layukan za su haɗu, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, ko kuwa hatsi da audugar Zamfara su dawo ana sauke su ana sake lodawa a Zariya, tamkar kuzar 1914.