Shikago: Birnin 'yan kasuwa da ya bar wa talakawa bakin tafki

Baƙon da ya tsaya a gaɓar Tafkin Mishigan a karon farko yakan ɗauka teku ne a gabansa. Ruwa ne iya ganin ido, ga igiya tana dukan gaɓa, ga jiragen ruwa suna kai da komo, amma babu gishiri a cikinsa. Faɗin tafkin ya kusa murabba'in kilomita 58,000, kuma daga cikinsa mazauna birnin Shikago suke samun ruwan sha.

Shikago, wanda ke Jihar Illinois, shi ne birni na uku a yawan jama'a a Amurka, bayan New York da Los Angeles. Ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutum miliyan 2.7. Abin da ya bambanta shi da yawancin biranen bakin ruwa shi ne, mafi yawan gaɓarsa ba ta faɗa hannun masu kuɗi ba. Lambuna ne da wuraren wanka da hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa mai tsawon kusan kilomita 29, kuma kowa yana shiga kyauta. Yadda haka ta faru a garin da kasuwanci ya haifa shi ne mabuɗin fahimtar birnin.

Ɗan kasuwa baƙar fata ne ya fara kafa gida

Sunan birnin ya samo asali ne daga kalmar da 'yan asalin yankin suke kiran wata albasar daji da ke tsirowa a bakin kogin wurin. Baƙon farko da ya zauna dindindin shi ne Jean Baptiste Point du Sable, ɗan kasuwa mai tsatson Afirka, wanda ya kafa gida da wurin ciniki a mashigar kogin a ƙarshen ƙarni na 18. A 2021 aka sanya sunansa a babban titin da ya bi gaɓar tafkin.

Garin ya zama birni a hukumance a 1837. A 1848 abubuwa uku suka zo masa a shekara guda: hanyar ruwa da aka haƙa don haɗa tafkin da kogunan da ke kwarara zuwa Mississippi, da layin dogo na farko, da babbar kasuwar hatsi ta Chicago Board of Trade. A wannan kasuwa aka inganta tsarin ƙulla cinikin masara da alkama tun kafin girbi, kuma har gobe farashin da aka yanke a Shikago yana tasiri a kasuwannin hatsi na duniya.

Gobara ta haifi dogayen benaye

Ranar 8 ga Oktoban 1871 gobara ta tashi, ta kwana biyu tana ci. Kimanin mutum 300 suka mutu, gine-gine sama da 17,000 suka ƙone, kusan mutum 100,000 suka rasa matsuguni. Hasumiyar ruwa ta dutse da ke kan titin Michigan tana cikin 'yan gine-ginen da suka tsira, kuma tana nan tsaye a tsakiyar jerin kantunan alfarma da ake kira Magnificent Mile.

Sake gina birnin ya jawo ƙwararrun magina, tsadar fili kuma ta tilasta musu duban sama. A 1885 aka kammala wani bene mai hawa 10 wanda ƙashin ƙarfe ke ɗauke da nauyinsa, wanda masana da dama ke ɗauka shi ne kakan dogayen benayen zamani.

Mafi tsawo a birnin yau shi ne Willis Tower, mai mita 442, wanda ya riƙe kambun duniya daga farkon shekarun 1970 har zuwa 1998. A hawa na 103 akwai akwatunan gilashi da suka fito waje daga jikin ginin, inda mai ƙarfin hali zai tsaya ya hango motoci a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Injiniyan da ya tsara ƙashin ginin shi ne Fazlur Rahman Khan, haifaffen Dhaka ta Bangladesh. Duk alhajin da ya sauka a Jidda ya zauna ƙarƙashin rufin tashar alhazai mai siffar tantuna, ya sha inuwar aikinsa, domin yana cikin waɗanda suka tsara ta. A Jidda ya rasu a 1982.

Kogin da ya ratsa tsakanin benayen shi ma abin kallo ne. Da, yana kwashe ƙazantar gari yana zubawa a tafkin da ake sha, abin da ya riƙa yaɗa zazzaɓin taifot. A 1900 injiniyoyi suka juya akalarsa ta hanyar haƙa magudana mai tsawon kilomita 45, ya koma gudu baya. Yawon jirgin ruwa a kan kogin, inda mai jagora ke bayanin kowane gini, yana cikin abubuwan da baƙi suka fi so.

Attajirin da ya kai gwamnati kotu

Tun a 1836 aka rubuta a taswirar garin cewa wani yanki na gaɓar tafkin filin jama'a ne, kuma ba za a yi gini a kansa ba har abada. Sai dai rubutu daban, aiki daban. Kafin ƙarshen ƙarnin, wurin ya cika da rumfuna da bola da layukan dogo.

A 1890 Aaron Montgomery Ward, attajirin da ya yi arziki da sayar da kaya ta gidan waya, ya kai hukumar birnin kotu. Ya shafe kusan shekara 20 yana shari'a da kuɗin aljihunsa, har sau huɗu, yana hana a yi gini a filin, ko da gidan tarihi ne. Manyan gari da jaridu suka yi masa ca, suna cewa yana hana ci gaba. Shi kuwa ya ce don talakawan birnin yake yi. Kotun ƙolin jihar ta ba shi gaskiya.

Filin nan shi ne Grant Park a yau, inda Barack Obama ya yi jawabin lashe zaɓe a watan Nuwamban 2008. A kusurwarsa ta arewa akwai Millennium Park da aka buɗe a 2004, inda wani ƙaton ƙarfe mai sheƙi kamar madubi yake, wanda jama'a suka laƙaba wa suna “Wake” saboda siffarsa. Gidan tarihi na Field, wanda Ward ya hana a gina a tsakiyar filin, ya koma kudu da shi. A can ake nuna zakunan Tsavo guda biyu da suka addabi ma'aikatan layin dogo a Kenya a 1898. Gidan namun daji na Lincoln Park kuwa, da ke arewa, ba a biyan ko sisi a ƙofarsa.

Kowace unguwa da mutanenta

An raba Shikago zuwa yankuna 77, kuma tarihin kowanne tarihin baƙin da suka sauka a cikinsa ne. Tsakiyar gari ana kiranta Loop, saboda layin jirgin ƙasa da ke tafiya a kan gadojin ƙarfe ya kewaye ta kamar zobe.

Yamma kaɗan da nan akwai Haymarket, wurin da ya shafi kowane ma'aikaci. A ranar 1 ga Mayun 1886 leburori suka shiga yajin aiki suna neman a mayar da aikin yini awa 8. A ranar 4 ga wata bam ya tashi a wajen gangaminsu, 'yan sanda da fararen hula suka mutu, daga baya aka rataye huɗu daga cikin jagororin. Tunawa da wannan ne ya haifi hutun Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu da ake yi a Najeriya da Nijar da sauran ƙasashe, alhali ita Amurka a watan Satumba take yin nata. Tsofaffin rumbunan nama na wannan yanki, musamman a Fulton Market, yanzu sun zama gidajen abinci masu tsada.

A kudu akwai Bronzeville, cibiyar baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga jihohin kudancin Amurka don guje wa wariya. Kimanin mutum 500,000 ne suka zo Shikago tsakanin 1916 da 1970. Gaba da nan sai Hyde Park, mazaunin Jami'ar Shikago, inda Obama ya koyar da shari'a, da Kenwood, inda gidansa yake, kuma inda zakaran dambe Muhammad Ali ya taɓa zama.

Pilsen ta samo sunanta daga wani birni na ƙasar Czech, amma yanzu 'yan asalin Meziko ne suka ba ta kamanni, da zane-zanen bango da gidan tarihin fasaharsu da ake shiga kyauta. Unguwar Sinawa tana inda take tun 1912. A can arewa, titin Devon kasuwa ce ta 'yan Indiya da Pakistan, cike da shagunan yadi da gwal da kayan yaji. An raɗa wa wani sashe na titin sunan Gandhi, wani kuma sunan Muhammad Ali Jinnah.

Abin da ake ci

Daga 1865 zuwa 1971 Shikago ne ke da babbar kasuwar dabbobi da mayanka ta Union Stock Yards, don haka ba abin mamaki ba ne nama ya mamaye girkin garin.

Abincin da ya fi suna shi ne fiza mai zurfi, wadda aka fara sayarwa a Pizzeria Uno a 1943. Ana gasa ta a faranti mai baki, a shimfiɗa cuku a ƙasa, miyar tumatir a sama. Takan ɗauki kusan minti 45 kafin ta gasu, kuma yanka biyu sun ishi babban mutum. Akwai kuma “Italian beef”, naman shanu da aka yanka siriri aka cusa a burodi, a tsoma cikin romonsa, a zuba barkono mai tsami. Sai “hot dog” irin na garin, na naman shanu zalla, da albasa da tumatir da kokwamba. Harold's Chicken, da wani baƙar fata ya kafa a 1950, ya shahara da soyayyar kaza da miya mai ɗan zaƙi, yayin da Garrett, wanda aka kafa a 1949, ke sayar da gugguru mai haɗin cuku da narkakken sukari.

A nan Musulmi yana bukatar lura. Niƙaƙƙen naman da aka fi sa wa fizar gargajiya na alade ne, kuma kasancewar nama na shanu ba ya nufin yankan Musulunci ne. Mafita tana titin Devon, inda gidajen abinci na halal suke jere, ana sayar da biryani da gasasshen nama da farfesun da ake kira nihari. Haka nan garin Bridgeview da ke kudu maso yammacin birnin, wanda ake kira Ƙaramar Falasɗinu, ya cika da gidajen shawarma da kayan zaƙi na Larabawa, ga kuma babban masallaci. Wanda ya yi kewar gida zai samu dafa-duka da sakwara da miyar agushi a gidajen abincin 'yan Najeriya da Ghana da ke unguwannin Uptown da Rogers Park.

Ɗaya fuskar birnin

Bakin tafkin da aka ce na kowa ne bai kasance haka a koyaushe ba. A watan Yulin 1919 wani matashi baƙar fata, Eugene Williams, ya nutse bayan an jefe shi da duwatsu saboda ya ƙetara zuwa ɓangaren ruwan da farare ke ɗauka nasu ne. Tarzomar da ta biyo baya ta ci rayuka 38.

Shekaru da dama na hana baƙaƙe sayen gida ko samun rancen banki a wasu unguwanni sun bar tabo har yau. Wani bincike da Jami'ar New York ta fitar a 2019 ya nuna mazaunin Streeterville, kusa da tafki, yana iya sa ran shekara 90 a duniya, shi kuwa na Englewood, da ke kudu, shekara 60. Tsakaninsu bai kai kilomita 15 ba. Harbe-harben bindiga da ke ɓata sunan birnin sun fi yawa ne a wasu unguwannin kudu da yamma, inda masana'antu suka rufe, ayyuka suka tafi.

Kafin a ɗaura kaya

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Mayu zuwa Oktoba. Sanyin Janairu ba abin wasa ba ne: a 1985 ma'aunin zafi ya taɓa sauka zuwa kusan digiri 33 ƙasa da sifiri. Jirgin ƙasa na shuɗin layi yana ɗauko fasinja daga filin jirgin sama na O'Hare zuwa tsakiyar gari dare da rana. Farashin da aka rubuta a jikin kaya bai haɗa da haraji ba, wanda ya haura kashi 10 cikin 100, kuma a gidan abinci ana sa ran tukwicin kashi 15 zuwa 20 ga wanda ya kawo abincin.

Da yammacin bazara, bakin tafkin yakan cika da iyalai daga unguwannin kudu da arewa, wasu suna gasa nama, wasu suna buga ƙwallo, yara suna wasa a ruwa. Filin da suke zaune a kai yana cikin mafi daraja a Amurka, kuma da an sayar da shi tun ƙarni na 19, da sai dai su hango shi ta bayan katanga.