Me ya sa ake fara kwas ta intanet a Djougou amma ba a kai ƙarshe?

Tsakanin Djougou da Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, akwai tafiyar fiye da kilomita 130. Ga matashin da ke tsaron shagon mahaifinsa a Zongo, kwasa-kwasan kyauta irin na dandalin FUN da Faransa ta ƙaddamar a 2013 sun zo kamar mafita. Sai dai a duniya baki ɗaya, 'yan ƙalilan ne cikin masu rajista a irin waɗannan kwasa-kwasai ke kammalawa, kuma abin ya fi muni a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Tsadar data da ɗaukewar wuta duk suna ciki. Akwai kuma wani dalilin da ba a cika ambata ba. A 2017, René Kizilcec da Geoffrey Cohen na Jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji: an sa ɗalibai su ɗauki mintuna takwas su rubuta burinsu, da cikas ɗin da suke hange, da yadda za su kauce masa. Dabarar ta ƙara yawan masu kammalawa a ƙasashen da kowa ke cin gashin kansa, amma ba ta yi tasiri ba inda rayuwa ta ginu kan dangi da jama'a.

Wannan ba zai ba mutumin Djougou mamaki ba. Garin ya bunƙasa ne a kan hanyar fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, kuma ilimi a nan gaban malam ake ɗaukarsa, daga makarantar allo har zuwa karatun zaure. Idan ka yi fashi, gobe za a tambaye ka. Kwas na intanet kuwa ya ɗauka lokacinka naka ne. Alhali suna, biki, jana'iza ko aiken mahaifi ba sa jiran jadawali, kuma babu ɗan kirkin da zai ce wa gyatumarsa yana kallon darasi.

Sai harshe. Yaron da ya tashi da Hausa da Dendi yana iya gane lacca da Faransanci, amma ya ji nauyin rubuta tambaya inda 'yan Paris ke karantawa.

Don haka ɗora laifin kan lalaci kuskure ne. Mafi dacewa shi ne mutum huɗu ko biyar su yi rajista tare, su sa ranar haɗuwa duk mako, su kuma sanar da iyaye tun farko.