Wa Ke Zama da Mace Idan Tana Kan Gwiwa?

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji har Kuchi, sau da yawa ba a aika wa ungozoma sai an ji kukan jariri. Ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta ɗora ruwan wankan jego. Naƙudar kuwa mace ke shanye abarta a ƙuryar ɗaki, durƙushe, ta riƙe ƙafar gado tana cije leɓe kada a ji nishinta. Kunya ce, kuma ana yaba wa mai dauriya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar asibiti a Jihar Sakkwato ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba.

A Amurka da Turai akwai matan da zama da mai naƙuda ne sana'arsu, ana ce musu dula. Ba sa karɓar haihuwa, ba sa yin allura. Sai dai su matsa mata baya, su ba ta ruwa, su gyara mata zama, su kwantar mata da hankali. Sai ka ga kamar ba wani aiki ba ne. Amma tun 1980 likitoci suka gano a Gwatamala cewa mai 'yar rakiya ta fi saurin sauka. A 2017 masanan ƙungiyar Cochrane suka haɗa gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata sama da 15,000, suka ga idan akwai 'yar rakiya tsawon naƙuda na raguwa, tiyatar ciro jariri ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar kowace mace da wanda ta zaɓa ya zauna da ita.

Mu a nan amfanin ya wuce lallashi. Tun 2013 gwamnatin Sakkwato ta fara raba ƙwayar misoprostol a ƙauyuka don tare zubar jini bayan haihuwa. To, matar da jiri ke ɗiba, wa zai miƙa mata ƙwayar? Wa zai ga jijjiga ta fara, ya ta da maigida a nemo mota? Naƙudar da ta kwana ta yini ita ke jawo yoyon fitsari.

A ganina, ungozomarmu ta riga ta samu yardar gida, abin da babu horon da ke sayo shi. A kira ta tun ciwon mara na farko, a koya mata alamomin haɗari, idan kuma ta rako mace asibiti a bar ta ta shiga ɗakin haihuwa.