Baƙin tsuntsun Amurum da kukan gidan da ya tashi

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, akwai wani baƙin tsuntsu, ɗan'uwan zalaiɗu, da zai sa mutum ya tambaya: wane gidan? Masana na kiransa Vidua maryae. Idan damina ta ja baya, namijin kan hau ƙololuwar bishiya, gashinsa na sheƙi, ya yi ta rera kukan wani tsuntsu dabam.

Macen ba ta yin sheƙa. Fakon wani ɗan tsuntsu mai jan baya da ke zaune cikin duwatsu take yi, ta saka ƙwanta cikin nasa, ta yi gaba. Kukan wannan tsuntsun ne namijin ke rerawa, kuma kukan aron nan ne ya sa Robert Payne na Jami'ar Michigan ya bi sawu har ya gano mai jan bayan, ya bayyana shi ga duniya a 1998.

Abin da ya fi burge ni yana cikin bakin ɗan tsakon. Idan ya wage baki neman abinci, ɗige-ɗigen ganɗarsa kamar an kwafo na 'ya'yan masu gida ne. Wanda bakinsa ya saɓa yakan samu ƙarancin ci, wanda ya dace ya rayu ya haifi irinsa, a haka zanen ya zauna cikin ƙwayoyin gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shi kuwa kuka koyonsa ake yi a sheƙa. Mace ta girma tana jin muryar mariƙinta, don haka namijin da ke rera ta take zaɓa, kuma irin gidan da ta tashi take kai ƙwanta. Da wata za ta yi kuskure ta saka a sheƙar wani tsuntsun, 'ya'yanta su rayu, sabuwar zuriya ta fara ke nan. A 2003 Michael Sorenson da Kristina Sefc da Payne sun nuna cewa ire-iren baƙaƙen tsuntsayen nan na Afirka ba su daɗe da rabuwa ba, gadonsu kusan ɗaya ne. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Yau ɗaliban cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos ke bibiyar baƙin tsuntsun da mai jan bayan a Amurum. Inda aka fasa duwatsun nan aka ƙone ciyawarsu, mai gida da ɗan riƙonsa tare suke ɓacewa.