Sarauta da Asiri a Kwarin Gulbin Maraɗi

Wata rana da la'asar sakaliya a Jiratawa, bayan manoma sun taso daga gonakin zogale, na iske samari sun yi da'ira a gindin wata bedi, ɗayansu yana karanta musu irin littattafan yaƙin nan da ake kawowa daga Kano. Hikayar wata daula ce wadda wani hatsabibin boka ke mulki, yana duba madubin tsafi ya ga abin da ke faruwa a bangon duniya, aljannu suna ɗauke da karagarsa, sarakuna kuwa suna zuwa yi masa mubaya'a a kan tilas. Da mai karatu ya tsaya shan ruwa, sai ƙaraminsu ya dube ni ya ce, "Baba, a ƙasarmu an taɓa yin haka?"

Amsar ita ce ba a taɓa yi ba. Amma duk wanda ya yi nazarin tarihin wannan kwari, ya ga yadda takobi da alƙalami da asiri suka zauna a inuwa guda shekara da shekaru, zai tabbata cewa tambayar yaron ta cancanci bayani mai tsawo.

Lokacin da mujahidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina a 1807, Alƙalawa ta Gobir kuma ta faɗi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa, 'ya'yan sarautar gidajen nan biyu sun watse cikin daji, ba birni, ba taska, ba talakawa. Ɗan Kasawa, magajin sarakunan Katsina, ya fake a ƙasar Damagaram, har zuwa sa'ad da mazauna wannan kwari suka tayar wa Mani, wakilin da mujahidai suka ɗora musu, suka kashe shi, suka buɗe wa Ɗan Kasawa hanya ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan musibar Gawakuke ta 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka kwanta dama, sai Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri dab da Maraɗi da taimakon Ɗan Mari, magajin Rauda.

Waɗanda suka karɓi baƙin nan, galibinsu anna ne, wato Hausawan da ke kan al'adar kakanni, kowace zuriya da gadonta: masu noma, mahalba, maƙera da masu ruwa. Sun yi imani cewa kakanninsu sun ƙulla alkawari da iskokin wurin tun ranar da aka sari daji, saboda haka su ne ke yanka kafin shuka, su ne ke buɗin daji kafin farauta. Sarki kuwa Musulmi ne, yana da limami da alƙali, yana hawa Idi. Sai dai ya san cewa gero da 'yan baka daga hannun anna suke fitowa, ya kuma san wanda ya zo baƙo ba ya tumɓuke tushen mai masauki. Don haka ya bar musu al'adunsu, su kuma suka bar masa gari da yaƙi da shari'a.

A wancan zamani, a cikin fada ma an raba iko bisa tsari. A Maraɗi manyan sarakuna huɗu ne ke zaɓen sarki, Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. A Gobir kuwa majalisar Tara ce. Kusa da waɗannan akwai sarauta guda ta mace, wadda ake kira Iya a Maraɗi, Inna a Tibiri, ana naɗa ta daga cikin matan gidan sarauta, ita ce uwar 'yan bori duka, ita ke sasanta rigingimunsu, mata masu zaman kansu suna ƙarƙashinta, tana kuma da rabonta na hatsin kasuwa. Idan annoba ta shigo ko damina ta yi gardama, a ƙofarta ake taruwa: mai goge ya ja kirarin iska, mata su dinga kaɗa ƙwarya, har wadda ake kira goɗiya ta fara rawar jiki, muryarta ta sauya, ta yi tsalle ta faɗi zaune a ƙasa, ta faɗi abin da aka ce iska ke nema, baƙar akuya ko jan zakara, kana ta yi atishawa a ce ya sauka.

To, a nan ne hikaya da tarihi suka raba hanya. Iya, duk da kwarjininta, naɗin sarki ce, kuma boka, komai shaharar layarsa, bara ne a ƙofar fada, ana ba shi riga idan an dawo da nasara, a nemi waninsa idan an sha kashi. Wanda ya girgiza gadon sarautar Maraɗi a ƙarshen ƙarni na 19, har Sarki Mijinyawa ya bar gari ya koma Tasawa, shi ne Ƙaura Hasau, kuma da dawaki da mayaƙa ya yi haka. Ko Sarauniya Mangu ta Lugu, can ƙasar Arewa, wadda ta haɗa jagorancin jama'a da na tsafi a hannu ɗaya, ta kuma tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, garinta ƙarami ne, ƙarfinta kuma yardar mutanenta ce.

Malamai ba su yi shiru a kan wannan gauraye ba. Shehu ya yi inkarin sarakunan da ke cakuɗa Musulunci da al'adun jahiliyya, ya kuma lissafta zaluncinsu a Kitabul Farƙi. 'Yarsa Nana Asma'u, da ta fahimci cewa mata na zuwa wurin bori ne neman waraka da mai sauraron kukansu, sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna bi ƙauye ƙauye da karatu da nasiha, ta ba mata wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Wannan hikima ce da ya kamata masu wa'azin zamaninmu su yi tadabburi a kanta.

Ni dai abin da na gaya wa yaron nan shi ne, Maraɗi da Tibiri sun tsaya gaban Sakkwato shekaru masu yawa saboda amanar da ke tsakanin baƙo da mai gida, da ganuwa, da rumbu cike da gero, kuma ranar da 'ya'yan sarki da bayin sarki suka fara cin dunduniyar juna, babu layar da ta hana daular raunana. Ya ku samari, ku karanta hikayoyinku don nishaɗi, amma ku je ku durƙusa gaban dattawan Jiratawa da Tibiri da Maraɗi tun suna raye, ku tambaye su, ku rubuta abin da suka faɗa muku. Allah ya sa mu amfana da tarihinmu, ya kuma tsare mana imaninmu.