Rigakafi a Bakin Iyaka: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Tsakanin Illela da Birnin Konni tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Shanu da wake da albasa suna ƙetarewa, aure na ƙetarewa, sanƙarau da ƙyanda ma ba sa tsayawa a shingen kwastan. Haka nan saƙon muryar da wani ya naɗa a Kano ko Yamai ya turo ta WhatsApp: kafin la'asar ya zaga kara da tashar mota. A Disambar 2020 gwamnatin Buhari ta sake buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, korona na tsaka da yaɗuwa. Ranar 2 ga Maris 2021 allurar korona ta AstraZeneca kusan miliyan huɗu ta sauka a Abuja. Sai tsofaffin maganganu suka farfaɗo, sababbi suka hau kansu, har yau ba su kwanta ba. Abin da ke ba su tsawon rai shi ne akwai gaskiya a cikin wasunsu, masu musantawa kuma sukan haɗa duka su yi watsi da su. Gara a tsince su ɗaya bayan ɗaya.

“Ai sun taɓa gwada magani a kan 'ya'yanmu.” Wannan gaskiya ce. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200. Goma sha ɗaya sun rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba maganin da aka saba. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a nemi yardarsu ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ce wannan tatsuniya ce ya zubar da mutuncin sauran maganarsa. Sai dai Trovan magani ne da ake ba wanda ya riga ya kwanta, kuma a lokacin bai gama samun amincewa ba. Babu abin da ya haɗa shi da ɗigon shan inna, wanda duniya ke amfani da shi tun wajen 1960.

“Ɗigon nan na hana haihuwa ne.” Ƙarya ce, kuma mun biya kuɗinta da tsada. A 2003 Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ya bayyana wannan zargi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da aikin rigakafin shan inna a Kano, wasu jihohi suka bi sahu na ɗan lokaci. Aka tura tawaga har Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya aka gwada maganin, ba a sami abin da ke hana haihuwa ba. A Yulin 2004 Kano ta dawo, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A sanadin dakatarwar, cutar ta bi hanyar fatauci da ta aikin Hajji, ta koma ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Amma mutumin Illela ba ya bukatar ɗakin gwaji. Yarinyar da aka ɗiga wa a baki a 2001, aka shafa wa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, aka rubuta alli a ƙofar gidansu, yau tana da goyo a baya da biyu ko uku a ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Sakkwato kan haifi 'ya'ya kusan bakwai, Nijar kuwa tana sahun gaba a duniya wajen haihuwa. Da maganin hana haihuwa ne, da ragunan suna sun yi kwantai a kara tuntuni.

Akwai wata maganar da ta fi wuya, kuma masu ilmi ne suka fi yinta: “An ce shan inna ta ƙare, me ya sa har yanzu ake bin mu gida-gida? An ma ce ɗigon ne ke kawo ta.” Rabin farko haka yake: tun da aka gan ta a Borno a 2016 ba a sake ganin asalin ƙwayar cutar a Nijeriya ba, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Rabi na biyu ma yana da tushe. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, yaro kan fitar da ita a bayan gida. Inda yawancin yara suka karɓa, nan take mutuwa. Inda aka bar yara da yawa babu rigakafi, ga ruwan sha maras tsabta, sai ta yi ta yawo daga wannan zuwa wancan wata da watanni har ta sake yin ƙarfi, ta shanye ƙafar yaron da ba a yi wa ba. Ita ce ake fama da ita a Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kebbi, ita ce kuma ta sa aka kawo sabon nau'in ɗigo a 2021. Wato gidan da ya rufe ƙofa shi ne mafakarta.

Na korona ba sa bukatar dogon bayani. An ce duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu. Shekarun sun wuce, alhazan da suka karɓa don sauke farali a 2022 suna nan cikinmu. An ce ƙarfe na mannewa a dantse. Gumi ne ke riƙe cokali. Amma gaskiya ne AstraZeneca ta haddasa daskarewar jini ga wasu 'yan ƙalilan cikin miliyoyi, hukumomin Turai da kansu suka sanar. Gaskiya ne kuma an turo mana kyautar allurai dab da ƙarewar wa'adinsu, har a Disambar 2021 aka lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja a gaban 'yan jarida. Abin kunyar na masu kyautar ne. Lalatawar kuwa shaida ce cewa ba a tsira wa mutane su ba.

Maganar jabu ma ba a raina ta, balle a bakin iyaka. A 2015 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a Nijar. Inda ake tsoro kuma magani ya yi ƙaranci, nan macuta ke cin kasuwa. Kada a sayi rigakafi a hannun ɗan talla ko a shagon da ba a san tushensa ba. Na gwamnati kyauta ne, a akwatin sanyi yake zuwa, kuma a jikin kwalbar ɗigon akwai da'ira mai ɗan murabba'i a tsakiya: muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata maganin ba. Uwa tana da ikon cewa a nuna mata.

To, dole ne? A kan korona, Nijeriya ba ta taɓa yin dokar da ta tilasta wa kowa ba. Ƙudurin da Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gabatar a 2020 kan cututtuka masu yaɗuwa ya sha suka, bai zama doka ba. Abin da ya faru shi ne daga 1 ga Disamba 2021 aka ce ma'aikatan tarayya su nuna katin allura ko sakamakon gwaji kafin shiga ofis. Wannan bai shafi mai sayar da gero a kasuwar Illela ba. A kan yara kuwa akwai doka: Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta wajabta yi wa ɗan ƙasa da shekara biyu cikakken rigakafi, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba a karon farko. Sannan akwai dolen tafiya, wanda ba mai gardama da shi: katin allurar shawara a iyakokin ƙasashe, da allurar sanƙarau da Saudiyya ke nema ga kowane maniyyaci. Ban taɓa jin wanda ya fasa Makka saboda ita ba.

Hukunta mai yaɗa ƙarya fa? A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shirin gidan rediyon Wazobia da ya soki aikin. An gurfanar da 'yan jarida, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta dakatar da lasisin gidan. Magana na iya jawo zubar da jini, kuma wanda ya tunzura jama'a kan ma'aikaciyar lafiya ya cancanci kotu. Amma a ganina kama uban da ya yi tambaya, ko zuwa da 'yan sanda ƙofar gidansa, tabbatar masa da zarginsa ne. Abin da ya rage ƙin karɓar rigakafi ba ɗauri ba ne. Kwamitin sarakunan Arewa ne da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa a 2009, da hakimai da limamai da suka ɗiga wa nasu 'ya'yan a bainar jama'a.

Tambayar da har yau ba a amsa da kyau ba ita ce ta magidancin da ke cewa: “Ɗana na zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, amma wannan kuna biyo ni da shi har gida kyauta?” Wannan ba jita-jita ba ce. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 5 cikin ɗari kacal na yaran Sakkwato ne suka sami cikakken rigakafin yau da kullum, mafi ƙaranci a ƙasar, kuma nisan asibiti da rashin ma'aikata na da hannu a ciki. Da damina, idan masu rabon maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro suka zo, ba kasafai ake rufe musu ƙofa ba, don kowa ya san abin da sauro ke yi masa. Allurar rigakafin zazzaɓin ma an fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.